SAWUN KEKE A CIKIN WAYA: WA YAKE BIYE DA KAI?

(Matanin laccar da aka gabatar ga matasan 'yan'uwa na Gaya da Ajingi)

   

Ya 'yan'uwa, maudu'in da aka ɗora mini a yau ƙarami ne a ido, har wani zai iya cewa me ya haɗa majalisi irin wannan da maganar keke da waya. To, ina roƙon a yi mini haƙuri a saurara, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar ba ta da girma.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu. Da shi iyayenmu suka ci kasuwar Wudil, da shi malamin firamare yake isa makarantarsa a ƙauyukan Ajingi, da shi ɗalibi yake sammakon zuwa aji. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mun ga waɗanda suka jingine kekensu suka hau babur sun komo sun karkaɗe shi. Wannan kuwa alheri ne ga aljihu, alheri ne ga lafiyar jiki. Abin da ya zo mana sabo shi ne wayar da take aljihun mai keken, da manhajojin motsa jiki da matasanmu suka fara ɗorawa a kanta, irin su Strava da makamantanta, waɗanda suke ƙirga wa mutum nisan da ya ci da saurin da ya yi.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ya kamata mu fara sanin yadda waya take gane inda mutum yake. Akwai taurarin ɗan'adam kimanin 30 mallakar Amurka, waɗanda ake kira GPS, suna kewaya duniya a nisan da ya kai wajen kilomita 20,000 daga ƙasa. Da zarar wayarka ta kama saƙon guda huɗu daga cikinsu, za ta lissafa wurin da kake tsaye, kuskurenta bai wuce 'yan taku ba. Ko babu data a wayar tana iya wannan lissafi. Idan ka kunna manhajar ka hau keke, sai ta riƙa ɗiga alama duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, har ɗigon ya haɗu ya zama layi a kan taswira. Idan ka kunna data, sai ta aika da shi ga rumbun kamfanin a ƙasar waje.

Kai a tunaninka lissafin kilomita ka ajiye. Alhali kuwa abin da aka ajiye ya ƙunshi ƙofar da ka fito, da lokacin da ka fito, da hanyar da ka bi, da inda ka tsaya, da tsawon tsayuwarka, da lokacin da ka komo. In kana ɗaure da agogon hannu mai auna bugun zuciya, har wannan ma yana ciki. Rana ɗaya ba komai ba ce. Amma in aka jera kwana talatin, to, an karance ka fiye da yadda maƙwabcinka ya san ka.

ABIN DA YA SAME NI

Ba labarin wani zan ba ku ba, kaina zan fara tonawa. Ina zuwa karantarwa wani ƙauye a ƙasar Ajingi sau uku a mako a kan keke. Wani ƙanena ya sa mini manhajar nan, na kuwa ji daɗinta, domin ina ganin yadda ƙarfina yake ƙaruwa. Abokai suka riƙa bibiyata a ciki suna danna alamar yabo, ni ma ina danna musu. Ban taɓa buɗe sashen da ake tsara wanda zai ga tafiyata ba.

A kan hanyar akwai wani dattijo da rashin lafiya ta kwantar, mutum mai mutunci wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a san yana karɓa. Wasu 'yan'uwa suka riƙa haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, ni kuma duk Talata ina ratsewa in miƙa a asirce. Bayan kamar wata biyu, ina zaune a majalisa, sai wani yaro mai bibiyata ya ce da ni cikin raha: "Malam, wai me kake yi a unguwar su wane duk Talata? Ina ganin layinka yana lanƙwasawa ya tsaya." Bai yi nufin sharri ba. Amma akwai kunnuwa a wurin, kuma gari ƙarami ne. Kafin mako ya zagayo magana ta isa gidan, dattijon ya aiko cewa ya gode, kada in sake wahalar da kaina. Sai da aka yi makonni ana rarrashi kafin ya yarda a canza mai kai masa.

Ku lura, 'yan'uwa, bakina bai furta komai ba. Wayata ce ta faɗa, kuma da yardata ta faɗa, domin ni na danna amincewa ba tare da na karanta ba. Daga ranar na fahimci cewa sawun mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikinsa akwai sirrin wanda ya ziyarta, da sirrin wanda ya raka shi, da sirrin iyalin da ya bari a gida.

ABIN DA YA CI DOMA

Kada wani ya ɗauka ƙauyanci ne ya jawo mini. Manyan ƙasashe ma sun faɗa wannan rami. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Strava ya fitar da wata taswirar duniya wadda ya tara tafiye-tafiye biliyan 1 na masu amfani da manhajarsa a cikinta, inda duk hanyar da ake yawan bi take haske. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Nathan Ruser ya lura cewa a tsakiyar duhun hamadar Siriya da ƙasar Afganistan akwai wasu 'yan wurare da suke haske. Ashe sansanonin soja ne. Sojojin ne suke zagaye su da gudu safe da yamma, agogunansu suna zana wa duniya iyakar sansanin. A watan Agusta na shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojinta da ke fagen aiki barin irin waɗannan na'urori suna nuna inda suke.

Duk da haka ba a daddara ba. A watan Oktoba na 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun masu tsaron lafiyar shugabannin Faransa da Amurka da Rasha ta wannan manhaja, har ta nuna cewa daga gudun safe na wani mai tsaro ana iya gane otal ɗin da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, zai sauka a birnin San Francisco a 2023. To, in masu horo irin wannan sun yi sake, ina ga ni da kai?

Akwai wani darasi a labarin sansanonin nan da ya shafe mu kai tsaye. Abin da ya tona su shi ne rashin wasu masu amfani da manhajar a kewayensu. A birnin Landan dubban mutane suna bin titi ɗaya, sawun wani ya ɓace a cikin na wani. Amma a tsakanin Kademi da Gaya, ko a hanyar Balare da Toranke, mutum nawa ne suke hawa keke da wannan manhaja? In layi ya bayyana, kowa ya san na wane ne. Masu bincike a wata jami'a ta jihar North Carolina a Amurka sun nuna a 2023 cewa a wuraren da masu amfani da manhajar ba su da yawa, ana iya bin taswirar har a kai ga gidan mutum. Kamfanin ya yi gyare-gyare tun bayan 2018, ya kuma tanadi hanyar ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta. Sai dai masana a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun gwada irin wannan kariya a 2022, suka iske ana iya lissafo wurin da aka ɓoye a mafi yawan lokuta. Balle a ƙauye, inda ɓoye mita 200 bai wuce a ce an rufe ƙofa an bar taga ba.

Mu kuma mun san zamanin da muke ciki. Ɓarawon keke da mai ƙwacen waya da mai satar mutane don kuɗin fansa duk abu ɗaya suke fara nema, wato sanin lokacin fitar mutum da hanyarsa da lokacin da gidansa ba namiji. A da sai sun nemi mai tsegunta musu. Bai kamata mu ɗauke musu wannan wahala da hannunmu ba.

DARASI DAGA HIJIRA

Ɓoye sawu ba tsoro ba ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Ku tuna hijirar Manzon Allah (SAW) a shekara ta 622 Miladiyya. Madina tana arewa da Makka, amma shi da Sayyidina Abubakar (RA) kudu suka fara nufa, suka kwana uku a kogon Thaur, yayin da Ƙuraishawa suka sa ladan raƙumi 100 ga wanda ya kawo shi. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labari da dare, Amiru ɗan Fuhaira kuma yana koro tumaki a bayansa domin su shafe sawunsa. Wanda ya fi kowa dogaro ga Allah ke nan, amma an tanadi mai shafe sawu. Mu kuwa a yau sawun muke zanawa da jan layi mu liƙa a dandali.

Sannan mu tambayi zukatanmu: me ya sa muke son a gani? Manhajar tana da jerin gwanaye, inda ake nuna wanda ya fi sauri a wani yanki na hanya, kuma tafiyarka ba ta shiga wannan jeri sai ka bar ta a buɗe ga kowa. Wato farashin yabon shi ne sirrinka. Gasa a kan abin da zai ƙarfafa jiki ba laifi ba ce, amma son a gani a yaba ciwo ne da malamai suka daɗe suna gargaɗi a kansa, kuma yana shiga ta ƙofar da ba a zata ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Haka nan mai leƙen ma yana da nasa kason. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani. Don ɗan'uwanka ya yi sakaci ya bar taswirarsa a buɗe, wannan bai halatta maka zama kana nazarin inda ya tsaya ba, balle ka kai maganar majalisa.

ABIN YI

Ban ce a jefar da waya ko a daina auna tafiya ba. Ni kaina ina amfani da ita har gobe. Ga abin da nake ba da shawara a yi tun daren yau.

Na farko, ka buɗe sashen sirri na manhajar. Za ka ga zaɓi uku game da wanda zai ga tafiyarka: kowa da kowa, ko masu bibiyarka, ko kai kaɗai. Ka zaɓi kai kaɗai. Lissafinka ba zai ragu da komai ba. Ka kuma koma ga tsofaffin tafiye-tafiyenka ka rufe su, domin sabon tsari ba lallai ne ya shafi abin da ya gabata ba.

Na biyu, kada ka kunna ta a ƙofar gida. Ka bari sai ka kai tasha ko babban titi, ka kuma kashe ta kafin ka shiga unguwa. Duk ranar da za ka biya gidan wani, ka kashe ta ɗungurum.

Na uku, ka tace masu bibiyarka, duk wanda ba ka san fuskarsa ba ka cire shi. Ka kuma kashe izinin da yake ba kamfanin damar zuba tafiyarka cikin babbar taswirarsa.

Na huɗu, in dole sai ka nuna wa abokai a WhatsApp ko Facebook, ka nuna adadin kilomita, ka yanke taswirar. Hoton da ya fita daga hannunka ba ya komowa.

Na biyar, in kun fita tare da wani, ka nemi izininsa kafin ka wallafa, domin sawunka sawunsa ne. Ku kuma duba wayoyin ƙannenku da na 'yan'uwa mata masu ƙirga takunsu, ku koya musu abin da kuka koya. Ka sa wa wayarka mabuɗi mai ƙarfi, saboda ranar da za ta faɗa hannun wani.

Daga ƙarshe, mu san haƙƙinmu. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye game da shi, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewar da ya bayar, aka kuma kafa hukumar NDPC domin lura da wannan. Amma doka ba za ta kwaso maka abin da ka watsa da hannunka ba. Rigakafi ya fi magani.

Ya 'yan'uwa, dattijon da na ba ku labarinsa ya yafe mini, amma har yanzu ina jin nauyin haɗa ido da shi. Ba na son ɗayanku ya ɗanɗani wannan. Ku hau kekenku, ku ƙarfafa jikinku, ku riƙe amanar waɗanda hanyarku take bi ta ƙofarsu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kare garuruwanmu da hanyoyinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.