ƊALIBIN DA BA SHI DA TAKARDA: INA ZAI SAMI TALLAFIN KARATU?

Mai girma Shugaban Ƙungiya, malamanmu da suka yi mana tarbiyya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke aji shida, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan neman sukolashif. Ni kuwa na ga ya fi dacewa in tsaya a kan yaron da ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma ya kasa cika fom ɗin tallafi saboda ba shi da takardar da za ta nuna ko shi wane ne. A ofis, mu ma'aikata fayil muke dubawa, kuma komai hazaƙar yaro, in fayil ɗinsa bai cika ba, gefe ake ajiye shi.

Irin waɗannan yara kashi uku ne a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Na farko, wanda aka haifa a gida ko a ruga, ba a taɓa yi masa rajista ba. Dokar tilasta rajistar haihuwa tana nan tun 1992, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Wanda ya haura shekara 18, sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, hukumar ta ba shi takardar shaida a madadinta.

Na biyu, wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, takardunsa suka ƙone ko suka salwanta. Shi ma hanyarsa ba ta toshe ba. Takardar shaidar asali, wadda Hukumar Tallafin Karatu ta Jiha ke nema, daga mai unguwa take farawa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, wato Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, sannan ƙaramar hukuma ta sa hannu. Mai unguwar da ya yi hijira tare da jama'arsa bai manta da 'ya'yan unguwarsa ba. A neme shi inda ya sauka.

Na uku shi ne mai wuya: yaron da aka haifa a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, amma iyayensa baƙi ne. In daga wata jiha suke, sai ya koma ƙaramar hukumar mahaifinsa, ko da bai taɓa kwana a can ba. In kuwa daga Jamhuriyar Nijar suke, to a duba sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999: wanda aka haifa a Nijeriya, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Wato ɗan ƙasancin uwa ma ya isa, abin da iyaye da yawa ba su sani ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe a 2024, lokacin da aka sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Rancen ba shi da ruwa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi Naira 20,000 duk wata, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa zai fara biya. Amma sai da lambar NIN, da BVN ta banki, da lambar JAMB. Ita JAMB ma tun 2021 ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN. Kun ga ke nan takarda ɗaya ce ke haifar ɗaya.

Wannan matsala ba tamu ce kaɗai ba. A Amurka, ɗalibin da ba shi da takardar zama ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, har sai da jihar Kalifoniya ta yi tata dokar a 2011 don ta taimaka wa irinsu da ke cikinta. Mu ba mu da ikon yin doka, amma muna da ƙafafu da sanayya.

Don haka ina ba da shawara uku. Mu nemi izinin shugaban makaranta mu duba takardun kowane yaro tun yana aji huɗu, a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina, domin Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya tsayar da fayil. Mu wakilta mutum biyu masu raka marayu da 'yan gudun hijira gaban hakimi da ofisoshi. Sannan mu ware wani abu daga asusunmu saboda yaron da doka ba ta ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ku kuma ƙannena, kada wani ya ruɗe ku da takardar jabu. Ranar da aka gano, ko kana ajin ƙarshe ne, korarka za a yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku fara nema tun yau.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.