Yaranmu da Wasan Gem: Haƙƙin Yaro da Nauyin Iyaye

Jawabin sakataren ƙungiya a taron iyaye na wata-wata



Dalilin wannan magana kowa ya san shi. Kwanan baya wani yaro a unguwarmu ya diro daga saman kango, wai yana kwaikwayon jarumin gem ɗin da ya gani a waya. A gem idan mutum ya faɗo tashi yake ya ci gaba. Shi namu ƙafa ce ta karye, har yau yana kwance. Allah Ya ba shi lafiya.

Wasu sun ce a hana yara wasan baki ɗaya. Mu dai mun duba doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a nan Babban Birnin Tarayya, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 12 ya ba shi haƙƙin hutu da wasan da ya dace da shekarunsa. Sashe na 20 kuma ya ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin tarbiyya da ja-gora. Ke nan wasa haƙƙinsa ne, amma tantance irin wasan aikinmu ne.

A gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, yara na langa a dandali, kowane babba kuma idonsa na kansu, domin ɗa na kowa ne. A nan Karmo da Gwagwa da Mpape, maigida ya fita kasuwa tun asuba, ɗakin haya ɗaya ne, filin wasa babu. Abin da ya rage wa yaro shi ne waya da gidan gem, sai kangaye da ramukan fasa dutse masu tara ruwa.

Don haka ga abin da muke roƙo:

Na ɗaya, mu duba lambar shekaru da ke jikin kowane gem: 3, 7, 12, 16 ko 18. Grand Theft Auto, alal misali, na 'yan 18 ne. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci irin namu, karanta wannan lamba ba za ta gagare shi ba.

Na biyu, mu zauna mu ga abin da yaro ke bugawa, mu faɗa masa ƙarara cewa a duniya rai ɗaya ne, ba a sake farawa.

Na uku, a tsayar da lokaci, kuma kada waya ta kwana a hannun yaro. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamarta ita ce yaro ya fifita gem a kan barci da abinci da makaranta.

Na huɗu, ƙungiya za ta gana da masu gidajen gem kan kada su karɓi yara lokacin boko ko Islamiyya.

Duka ba ya maganin wannan; sai dai ya koya wa yaro ɓoyewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya ga ɗan maƙwabci a kan kango, ya sauko da shi kamar nasa.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.