Malami da Gajeren Labari: Darasi daga Wata Ƙaramar Mujalla



Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan fara da labari. A shekarar 2012 wata ƙaramar mujallar adabi ta ƙasar Amurka mai suna Per Contra, wadda a intanet ake karanta ta, ta fitar da wani gajeren labari na Turanci mai sunan Hausa, wato "Bayan Layi". Marubucinsa, Elnathan John, haifaffen garin nan ne na Kaduna, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatun lauya. Labarin na wasu yara ne marasa galihu masu kwana a gindin kuka, waɗanda 'yan siyasa ke amfani da su lokacin zaɓe. A 2013 ya shiga cikin labarai biyar na zagayen ƙarshe a gasar Caine ta marubutan Afirka. Bai ci kyautar ba, amma da shi marubucin ya buɗe littafinsa Born on a Tuesday, wanda ya fito a 2015.

Irin wannan mujalla ba ta da injin ɗab'i, ba ta da motar rarraba kaya. Yawanci mutane 'yan ƙalilan ne ke riƙe da ita don son adabi. Marubuci ya aika labarinsa ta imel, editoci su karanta, bayan makonni ko watanni su ce sun karɓa ko sun ƙi. Galibi ba a biyan marubucin, ko a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Amma da zarar labari ya fito, mai waya a Narayi da mai waya a Landan duk rana ɗaya za su karanta shi.

Wani zai ce, ina ruwan malamin firamare da wannan? To, mu waiwaya baya. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar hukumar fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, malami ne a makarantar Midil ta Katsina a lokacin. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, malami ne a Bauchi. Ashe da hannun mai riƙe alli aka kafa tubalin ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gadonmu ne, mu muka sake shi.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu da zafi shi ne abin da ya faru a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare na jihar nan jarrabawa, daga bisani aka sallami fiye da 21,000. Ban zo tayar da wannan shari'a ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, jaridu sun yi rubutu a kanmu, rediyo ya yi magana a kanmu, amma muryar malamin kansa ba ta yi nisa ba. Wa ya rubuta yadda ake koyar da yara masu yawa a aji ɗaya, wasu a zaune a ƙasa? Wa ya rubuta daren da malami ya rasa yadda zai gaya wa matarsa cewa sunansa ya fito? Wanda bai ba da labarinsa ba, sai ya haƙura da yadda wasu suka ba da shi.

Kuma labarai ba su yi mana ƙaranci ba a wannan tsallake na kogi. Ni a Kakuri na tashi, ina jin jiniyar masaƙu tana kiran ma'aikata, tituna su cika da kekuna. Yau 'yan ajina ba su san wannan ƙara ba. Wata rana na rubuta shafi biyu a kan yaron da ke kai wa mahaifinsa abinci ƙofar masaƙa, na karanta musu. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta ce kakanta ma a can ya yi aiki. Washegari ta kawo mini layi shida da ta rubuta da kanta. Akwai kurakurai a ciki, amma tun da na fara koyarwa ban karɓi aikin gida da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Ga 'yan uwanmu mata, akwai gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata zalla. Ga kowa kuma, ga shawara uku. Kada ka ambaci sunan ɗalibi ko iyayensa a labari, domin amana ce aka ba mu. Kada ka kwashi aikin wani ka sa sunanka. Ka kuma yi hattara da duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi kafin ya fitar da labarinka. Idan aka ƙi karɓar rubutunka, ka gyara ka sake aikawa. Mu da ke sa jan biro a littafin yara kullum, bai kamata gyara ya ba mu haushi ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugabannin reshe su ware mana shafi ɗaya a wannan mujalla tamu domin gajeren labari daga alƙalamin malami, da Hausa ko da Turanci. Wanda aka zaɓa, mu karanta wa 'yan ajinmu, mu tura wa juna a waya. Da yayyafi kogi kan cika. Nawa labarin na masaƙa yana cikin jakata, kuma a shirye nake in miƙa shi ga sakatare kafin mu watse.