ƊAN KASUWA DA ƊALIBIN BABBAN DIGIRI: HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Mubi



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, dattawan kasuwa, 'yan'uwana maza da mata. Ni dai ba ɗan boko ba ne, iyakata Islamiyya, daga nan sai kanti. To amma tun da shugabanni sun ce in yi magana a kan 'ya'yan nan namu masu karatun digiri na biyu, waɗanda ke ba 'yan kasuwa shawara game da na'urorin zamani, zan faɗi abin da idona ya gani.

Fatauci ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, lissafinsu a ka, amanarsu a baki. Mu ma haka muka tashi, sai dai mun ƙara da littafi. Sau biyu zamani ya nuna mana wannan bai isa ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, kowa ya yi ta kansa. Littafin bashina a kanti na baro shi, da na dawo ban same shi ba. Masu tsoron Allah suka kawo abin da ke kansu, saura kuwa na bar wa Allah. Sai kuma farkon 2023, bayan sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai na'urar POS ya yi ciniki, wanda ba shi da ita ya wuni yana korar ƙuda.

Daga nan sai na yi gaggawa. Wani yaro ya sayar mini da kwamfuta mai tsada, ya ce ita ce maganin komai. Ga wuta ba kullum ba, ga yaran kanti ba su iya ta ba. Ta zauna tana shan ƙura.

Ana nan sai ɗan wani maƙwabcina, mai digiri na biyu a fannin kwamfuta, ya roƙi in bar shi ya yi bincikensa a kantina. Na amince ba da son raina ba. Jama'a, mako uku yaron nan ya yi yana zaune a kan benci, bai taɓa na'ura ba, sai tambaya: wa ke ɗaukar kaya bashi? Yaushe ya ke biya? Wane kaya ne ke kwana? Sannan ya ce, “Baba, ka sayar da kwamfutar nan, wayarka ta ishe ka.”

Abu huɗu ya tsara mini. Na ɗaya, a riƙa rubuta bashi a waya, ana ajiye kwafinsa a intanet, inda wuta ko gudu ba za su ci shi ba. Na biyu, asusun kanti daban, na cefanen gida daban. Na uku, kada kaya su fita sai an ga kuɗi sun shiga asusu, domin 'yan damfara na turo saƙon ƙarya. Na huɗu, abokan cinikinmu na Kamaru da ke biya da sefa, a rubuta farashin canji na ranar da suka ɗauki kaya. A nan ne na gano inda ribata ta daɗe tana zurarewa.

To, irin waɗannan yara ba nesa su ke ba. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin nan a 2002, ga Jami'ar Modibbo Adama a Yola. Ɗalibi na neman sana'a ta gaskiya da zai yi nazari a kai, mu kuma muna neman mai ilmin da zai duba mana. Abin da ya hana mu haɗuwa shi ne, mu muna tsoron buɗe sirrin ciniki, su kuma wasunsu na raina wanda ba ya jin Turanci.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara ta kafa ƙaramin kwamiti da zai tuntuɓi malaman makarantun nan, bisa sharuɗɗa huɗu. Ɗalibi ya zauna a kanti ya koya kafin ya koyar. A rubuta yarjejeniya cewa sunan mai kanti da na masu bashi ba za su fita ba. Mu kuma mu biya shi haƙƙinsa, kada mu ce ai ɗanmu ne. Kuma wanda ke ba da shawara kada ya zama shi ne mai sayar da na'urar, don na ɗanɗana wannan.

Malamai na nan, su ne shaida: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ashe ba baƙon abu yaran nan suka kawo mana ba, alƙalami ne kawai ya sauya.

Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Mubi lafiya. Wassalamu alaikum.