Akwatin Haɗa Sauti: Yadda Za a Ji Maganar Kowa a Taro

  Yau daga Dakoro nake yi muku magana, cikin jihar Maraɗi. Darasinmu a kan wani ɗan akwati ne da kuke gani wurin taro, wurin biki, wurin wa'azi, da gidajen radiyo. Yana da maɓallai jere-jere, da ramukan soka waya. Masu aikin sauti suna ce masa miksa. Mu za mu kira shi akwatin haɗa sauti.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Kun sani a ƙasar Dakoro manomi da makiyayi maƙwabtan juna ne, musamman wajen fadamar Tarka. Kowace shekara bayan girbi, hukuma tana tsai da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi ke da izinin shiga su ci kara. Wata shekara aka tara mutane a wani ƙauye arewa da Dakoro don a faɗa musu ranar. Yaron da aka ba akwatin ya murɗa kowane maɓalli har ƙarshe. A ganinsa ƙara ita ce aiki. Lasifika ta yi ta kuwwa, murya ta fashe. Mai sanarwa ya ce ran ashirin da biyar ga wata. Na bayan taro "biyar" kaɗai suka ji, wasu suka ɗauka sha biyar aka ce. Saura kwana goma lokaci ya yi, garke ya shiga gonar da ba a kwashe wake ba. Allah ya kiyaye, dattawa suka shiga tsakani. Amma sai da aka biya ɓarna, kuma gida biyu suka daɗe ba su gaisa ba. An ɗauki sanarwar a wayar hannu, amma da aka kunna don shaida, ba a ji komi ba sai ƙara.

Kun ji ko? Maganar da ba a ji da kyau ba ta fi wadda ba a faɗa ba haɗari.

Ɗaukar murya ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A 1958 radiyon Nijar ta fara aiki. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob. Masu jagorancinta, yawancinsu malaman lakkwal, sukan tara mutanen gari a saurari shiri, a yi muhawara, su ɗauki ra'ayin kowa a rikoda, su aika Yamai. Haka manomi ya fara jin muryar manomi ɗan'uwansa a radiyo. Kayan aikin wancan zamani suna da nauyi da tsada. Yau ga akwatin da bai fi littafi girma ba, yana shiga jaka, yana aiki da batir. Ƙungiyar mata ko ta matasa tana iya mallakarsa.

To, mene ne aikinsa? Ku dubi uwar gida in tana haɗa miya. Ga gishiri, ga daddawa, ga barkono, kowane da gwargwadonsa. In ɗaya ya yi yawa, miya ta ɓaci. Haka akwatin nan yake. Muryar mai gari tana shiga ta rami ɗaya, ta tafinta ta wani rami, kiɗa ta wani. Shi kuma ya haɗa su, ya fitar zuwa lasifika don taro ya ji, ya fitar zuwa waya ko katin memori don a ajiye.

A nan karatunku zai yi muku rana, don komi a rubuce yake a jikin akwatin. Ku ɗauko kaye da alƙalami, mu rubuta tare.

Da farko akwai lambobi: 1, 2, 3, 4. Kowace lamba hanya ce ta murya guda. Ramin da ke sama da maɓallan da ke ƙarƙashinsa duk na hanya ɗaya ne. Inda kuka ga harufa uku, M, I, C, nan ake soka mikro, wato abin magana. Inda kuka ga G, A, I, N, wannan maɓalli shi ne ƙofar shiga, shi ke auna ƙarfin muryar da ke shigowa. Na can ƙasa shi ke ƙara ta ko rage ta cikin haɗin. Inda kuka ga M, A, I, N, shi ne babban maɓalli, mai iko da dukan abin da ke fita. Harufan L da R kuwa hagu da dama ne. Kalmomin ba na Hausa ba ne, amma harufan su ne waɗanda kuka koya a aji.

Ga dabara: ku manna ƴar takarda ƙarƙashin kowace lamba, ku rubuta sunan mai ita. 1, mai gari. 2, tafinta. 3, jama'a. In wani ya tashi magana, hannunku ba zai yi ta lalube ba.

Yanzu ga ƙa'idodin aiki guda shida.

Ta ɗaya: ku duba wuta. A bayan akwatin an rubuta irin wutar da yake ci. Wani 5V ne, ɗan batirin cajin waya ya ishe shi. Wani 12V ne. Kada ku ba mai 5V wutar 12V, zai ƙone. Ku yi aiki da wayar wutar da ta zo tare da shi.

Ta biyu: ku mai da dukan maɓallan ƙara ƙasa, ku soka wayoyi, sannan ku kunna. Akwati ake fara kunnawa, lasifika daga baya. In an tashi, lasifika ake fara kashewa. Wanda ya juya wannan tsari zai ji "dum" mai ƙarfi, kuma irin wannan bugu yana lalata lasifika.

Ta uku: ku auna kowace murya tun taro bai cika ba. Mai magana ya yi magana yadda ya saba, ku kuma ku murɗa ƙofar shiga sannu sannu, idonku a kan ƴan fitilu. Kore, lafiya lau. Ja, murya ta yi yawa, za ta fashe, sai ku rage. Muryar da ta fashe wurin ɗauka ba ta gyaruwa daga baya.

Ta huɗu: ku san inda kuwwa ke fitowa. In mikro yana gaban lasifika, sautin da ya fita yakan sake shiga mikro, ya sake fita, ya yi ta zagaye har ya zama fito mai huda kunne. Maganinsa, lasifika ta kasance gaba tana fuskantar jama'a, mai magana yana bayanta. In kuwwa ta taso, ku rage babban maɓalli nan take. Kada a rufe kan mikro da tafin hannu, wannan ƙara ta yake yi. Mikron da ba a magana da shi, a rage shi ƙasa.

Ta biyar: tsakanin baki da mikro a bar faɗin yatsa huɗu. Lokacin hunturu iska tana busa cikinsa, sai a sa masa hularsa ta soso. In babu, safa mai tsabta ta isa.

Ta shida: akwai wani ɗan maɓalli mai rubutun 48V. Wuta ce ta wani irin mikro na ɗakin radiyo. Mikron hannu na taro ba ya bukatarta. Ku bar shi a kashe.

Sai batun ɗauka. Kafin ku ɗauki muryar mutum, ku nemi izininsa, ku faɗa masa inda za a kai ta. Ku saƙala abin sauraro a kunne, don abin da kunnenku ya ji ta nan shi ne ke shiga waya. Ku gwada na minti ɗaya, ku kunna ku ji, sannan a fara. Da farkon ɗauka ku faɗi rana, da wata, da shekara, da sunan gari. Ku rubuta su kuma cikin kaye. In sanarwar ta ƙunshi rana ko kuɗi, ku roƙi mai magana ya maimaita sau biyu, da kowane harshe da ake ji a wurin: Hausa, Fulatanci, Buzanci. A kuma rubuta lambar da manyan baƙaƙe a allo, kowa ya gani. Da an rubuta 25 a wancan ƙauye, da wanda ya yi wata uku a ajinmu ya raba gardamar.

A ƙarshe, ƙura da rana su ne abokan gaban akwatin nan. Ku ajiye shi a inuwa, bisa tebur ko tabarma, nesa da butar shayi. In an gama, ku share shi da busasshen ƙyalle, ku naɗe wayoyi ba tare da lanƙwasa su ba, ku mai da shi jaka.

Iyayena mata, wannan aiki ba na samari kaɗai ba ne. Wadda ta iya karanta 1, 2, 3, 4, kuma ta iya auna gishirin miya, ta iya riƙe akwatin nan a taron asusu.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna da malaminku a aji. Me jar fitila take nufi? Me ake fara kunnawa, akwati ko lasifika? Wace sanarwa ce a garinku ta cancanci a ɗauke ta, a kuma rubuta ta? Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malami ya aiko mana.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.