Kalma Ɗaya Ta Ci Albashin Wata Uku

 

An ce in yi magana a kan yadda za a koya wa yaranmu zaɓen kalma a rubutun Turanci. Ni dai ba malami ba ne, ma'aikacin ofis ne, saboda haka daga cikin fayil zan faro.

Ina sabon shiga aiki a wata ma'aikata a nan Sakkwato, aka zargi wani akawu da ɓatan kuɗi. Maigidanmu ya ce da Hausa, "A dakatar da shi sai an gama bincike." Aka ce in rubuta takardar. Ina taƙama da digirina, na rubuta suspension, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Ashe a ƙa'idojin aikin gwamnati dakatarwa iri biyu ce. Akwai interdiction, inda ma'aikaci zai zauna gida amma ana ba shi aƙalla rabin albashinsa. Akwai kuma suspension, wadda ke tsayar da albashin ɗungurungum. Ta farkon maigida yake nufi. Bawan Allahn nan, mai mata da 'ya'ya biyar, ya yi wata uku ba ko kwabo, har azumi ya same shi a haka. Bincike ya wanke shi, an biya shi haƙƙinsa, amma har gobe idan muka haɗu a masallacin Juma'a ni nake fara sunkuyar da kai.

Ba ƙarancin Turanci ya kayar da ni ba. Na ɗauka ne kowace kalmar Hausa tana da abokiyarta guda a Turanci, alhali harsunan biyu ba wuri ɗaya suke yanka nama ba. Bahaushe ya bambanta aro da rance: keke ake ara, a mayar da shi kansa, kuɗi ko hatsi ake ranta, a biya da wani. Bature bai damu da wannan ba, shi dai ya san mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. Daga nan yaro ke samo "borrow me your pen". Haka kalmar ji: sauti, wari, zafi, ɗanɗano, fahimta, duk ji ne a wurinmu, kowanne kuwa da kalmarsa a Turanci. Kada ma a taɓo ci.

Malamaina, a gafarce ni, amma ina ganin tarar da ake cinmu a kan yin Hausa a aji ta rufe mana wannan ƙofa. Yaron da ya san bambancin gero da maiwa, ko yayyafi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ai ya riga ya iya zaɓen kalma. Saura a nuna masa inda Turanci ya rarraba nasa. Maimakon haka sai muka tashi da haddar dogayen kalmomi don burge mai makin WAEC. Allah ya jiƙan malaminmu na aji biyar, wanda ba ya soke kalma, sai dai ya zagaye ta da jan biro ya rubuta a gefe, "Wace iri?" A lokacin haushinsa muke ji.

Roƙona ga wannan ƙungiya biyu ne. A saya wa laburare ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, domin yana rarrabe ma'anonin kalma da misalai. A haɗa da na Bargery na 1934 in an samu. Sannan kowane zango ɗayanmu, likita ko lauya ko akawu, ya zo ya zauna da 'yan aji shida na awa guda da kalmomi biyu daga wurin aikinsa waɗanda in an musanya su wani zai cutu. Na ba sakatare sunana don zangon farko.