Haɗa Baki da Kau da Kai



Bahaushe bai yi ƙarancin kalmomi ba wajen kiran mai shirya mugunta a ɓoye. Makirci mun aro shi daga Larabci, amma sauran namu ne, kuma galibinsu daga aikin hannu suka fito. Ana ƙulla tuggu kamar yadda ake ƙulla igiya, ana kitsa magana kamar yadda ake kitso. Maƙarƙashiya daga ƙarƙashi take, watau aikin da ba a gani daga sama. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukuncin haɗa baki a sashe na 96 da na 97.

Inda muka fi son mu daɗe shi ne wajen wanda bai ƙulla kome ba, ya dai gani ya yi shiru. Shi ma muna da sunayen aikinsa: ya yi biris, ya yi kunnen uwar shegu, ya kau da kai. To, wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin a gida yabo ne. Uwa takan kau da kai daga ɗan farinta, mu ce kara ce. Dattijo ya kau da kai daga wautar yaro, mu ce kawaici.

Mu da muka taso a Babura, kusa da iyakar Nijar, mun ga kalmar ta shiga wani wuri. Daga watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Duk da haka shinkafar waje ba ta yanke a kasuwannin Arewa ba, tsada kawai ta yi. Buhu kuwa ba shi da fiffike. Wanda ya ɗauko shi a kan babur cikin dare mun san sunansa, ɗan fasa-ƙwauri. Wanda ya ji ƙarar babur ɗin ya juya baya fa? Cewa muke yi mutumin kirki ne, ba ya tona asirin talaka. Wani lokaci ma gaskiya ne, don mai babur ɗin abincin gidansa yake nema, mai kayan yana birni yana barci.

Da yawanmu gobe za a ɗora mu a kan tebur. Takarda za ta zo da lissafin da bai cika ba, mai kawo ta kuwa ɗan garinmu ne, ko ƙanen mahaifin abokinmu. Ba zai ce mu haɗa baki ba. Zai gaishe mu, ya tambayi mutanen gida, sa'an nan ya ce, "Ɗana, a yi kawaici."